Kaza Mai Kwanci da 'Yan Tsakinta: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Daura

Na taso na tarar da kaji a tsakar gidanmu a Daura, kuma har na yi aure na hayayyafa ban rabu da su ba. Kazar farko da na mallaka Iya ce ta ba ni, kakata ta wajen uwa, wata 'yar wake-wake mai faɗa wadda ba ta taɓa tashi daga kan ƙwai ba sai da 'ya'ya. A hankali dangi da maƙwabta suka mayar da ni wurin tambaya, a gidan suna, a gidan biki, har a waya. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mini. Zan riƙa cewa "ki" don yawancin masu kiwon kajin gida mata ne, amma maza ma maganar ta shafe su.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu muna yin aikin a juye. Lokacin da kaza take kan ƙwai, da ya kamata a ƙyale ta, sai a dame ta da leƙe da taɓe-taɓe. Ranar da ta ƙyanƙyashe, da ya kamata a tsaya mata, sai a sake ta ta shiga unguwa da 'ya'ya goma, bayan sati uku ta dawo da biyu.

Ta yaya zan tabbatar kazata ta shiga kwanci da gaske?

Kazar gida takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar, sannan jikinta ya ce mata ya isa. Alamar farko ita ce ta daina hawa inda ta saba kwana, magariba ta yi ki same ta a gurbi. In kika miƙa hannu sai ta tayar da gashi, ta kumbura, ta yi gurnani, ta kai miki sara. Ki ɗaga ta ki shafa ƙirjinta, za ki ji ta fige gashin wurin, fata ce zalla mai zafi, don ɗumin jikinta ya isa ga ƙwan kai tsaye.

Amma kada ki yi saurin zuba mata ƙwan da kike ji da shi. Sagarar da wannan ne kwancinta na fari takan yi kwana biyu ta watsar. Ki bar mata ƙwai biyu ko uku da ba ki damu da su ba. In ta kwana uku a jere a kansu, to ta zauna.

Goggo, Noiler ɗina sun fi wata uku suna ƙwai, ko ɗaya ba ta kwanta ba. Lafiya kuwa?

Lafiyarsu lau, ɗana. Kajin da aka inganta, irin su Noiler, da Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, da jajayen kajin gidan gona, an zaɓe su ne a kan su yi ta ƙwai ba tsayawa, don kazar da ta kwanta ta daina ƙwai ke nan. Da wuya ka ga sun yi kwanci, in ma sun fara ba su cika kaiwa ƙarshe ba. In akwai zakara tare da su, ka kwashi ƙwan ka sa wa kazar Hausa, za ta ƙyanƙyashe maka ta riƙe su tamkar nata. Ƙwan kiret na shago kuwa kada ka wahalar da kaza a kansa, kajin da suka yi shi ba su taɓa haɗuwa da zakara ba.

Ƙwai nawa zan sa mata, kuma wane iri?

Girman kazar ne ke yanke hukunci. Ƙaramar kazar gida takwas zuwa goma, babba sha biyu. In ƙwan Noiler ne, da yake ya fi girma, ki rage biyu. Bayan ta zauna ki durƙusa ki duba: in kin hango farin ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike, sun yi mata yawa. Kuma ba wanda ya leƙo ne kaɗai zai lalace ba. Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a yini, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya koma tsakiya, don haka kowanne sai ya sha nasa sanyin. Kwaɗayin ƙwai biyu yakan jawo asarar rabin gurbi. Da hunturu ki ƙara ragewa.

Ki zaɓi mai matsakaicin girma, mai santsi, marar tsagewa, marar kashi a jiki. Kada ki wanke shi, akwai wani siririn rufi a bayan ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana tafiya da shi. Ƙwan da ya wuce kwana bakwai a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, da bazara ma ba ya kai haka, don zafin Afrilu na Daura, da yakan kai digiri 40, yana tayar da ɗan da ke ciki ya fara girma ba uwa a kai, sannan ya mutu. Iya takan ajiye nata a ƙwarya mai yashi a gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa, kuma har yau ban ga wurin da ya fi nan sanyi a gidan da ba firji ba.

Sai batun zakara. Ɗaya lafiyayye ya ishi kaji takwas zuwa goma. Ki riƙa sauya shi duk shekara ko biyu, ko da musanya ce da wata 'yar'uwa a Sandamu ko Zango, kada ya yi ta bin 'ya'yansa da jikokinsa iri ya yi rauni.

A ina ya fi dacewa in yi mata gurbi? Ta zaɓi bayan buhunan gero a ɗakin ajiya.

In wurin da ta zaɓa ba ruwa, ba ɓera, ba zirga-zirgar yara, ki bar ta. Kaza ta san abin da take nema: duhu-duhu, shiru, da bango a bayanta. In kuwa dole ne a ɗauke ta, a yi da dare bayan isha'i, a kai ta da ƙwanta gaba ɗaya, a kifa mata kwando na yini guda har ta saba. In kika ɗauke ta da rana, kafin ki juya ta koma tsohon wurin ta zauna a kan ƙasa.

Ni tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki nake so, ko fasasshiyar randa. In zuba yashi a ƙasa, in barbaɗa toka, in shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganyen bedi, in danna tsakiya ya yi kwari kaɗan yadda ƙwan ba zai gangara ba. Kwanon ƙarfe yana ɗaukar zafi da rana ya yi sanyi ƙalau da asuba. Tsumma kuwa gidan ƙuma ne. Ki sa gurbin a ƙasa, kada ki ɗora shi a kan rumbu ko katanga, don ɗan tsakon da ya fara fita zai faɗo ya kasa komawa.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iskarmu a bushe take ƙayau, kuma ƙwai yana bukatar ɗan laima, in ba haka ba fatar ciki ta bushe ta manne wa ɗan tsako. A satin ƙarshe nakan yayyafa ruwa kaɗan a ƙasan da ke kewaye da tukunyar. A ƙasa na ce, ban da jikin ƙwan.

Sauran kaji suna hawa kanta suna yi mata ƙwai. Yaya zan yi?

Ranar da kika sa mata ƙwai ki zana wa kowanne alama da fensir ko gawayi, ki kuma rubuta ranar a bango. Duk wanda kika gani ba alama ki cire shi a ranar. Wanda ya shigo a makare ba zai fita tare da 'yan'uwansa ba, za ta tashi ta bar shi da rai a ciki. Mafi sauƙi dai a raba ta da sauran kaji tun farko.

Kwana biyu ban ga ta tashi ta ci abinci ba. In ɗaga ta?

Wataƙila tana tashi ba ki gani ba. Mai kwanci takan sauka sau ɗaya a yini, ta yi wani ƙaton kashi mai wari, ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma cikin minti ashirin zuwa talatin. Da zafi takan kai awa guda a waje, ƙwan ba zai yi komai ba. Ki ajiye mata tsabar gero ko dawa da ruwa mai kyau ɗan nesa da gurbin, yadda sai ta miƙe za ta kai gare su. In kika sa mata a baki, sai ta yi kashi a cikin ƙwan.

In kin tabbata ba ta sauka, ki ɗaga ta a hankali da hantsi, ki fara laluba ƙarƙashin fikafikanta, don takan maƙale ƙwai a nan ya faɗo ya fashe. Za ta rame a kwancin nan, tukkunta ya koɗe, wannan ba ciwo ba ne. Daga kwana na 18 kuwa kada ki ƙara taɓa ta.

Ta kai kwana goma sha ta tashi ta bar ƙwan. Me ya jawo?

Kafin ki zarge ta, ki sa hannu cikin shimfiɗar ki ƙirga goma, ki fito da shi ki duba. Sau da yawa za ki ga wasu ƙananan abubuwa ja-ja suna yawo a fatarki. Ƙuma ke nan. Da rana suna ɓuya a tsagar bango da cikin ciyawa, da dare su hau kaza su sha jininta, ita kuma tana zaune wuri ɗaya sati uku ba ta da mafaka. Na taɓa rasa gurbi guda a kwana na 17 ta haka. Na iske kazar tsaye a bakin tukunya tana kallon ƙwan, tana so ta koma ta kasa, idonta duk ya yi fari. Da na fasa ƙwan daga baya, tara cikin goma da 'ya'ya a ciki har sun yi gashi. Laifina ne, a tsohuwar shimfiɗar wata kazar na sa ta.

Tun daga ranar, kowane kwanci da sabuwar shimfiɗa, tsohuwar a ƙone ta, tukunyar a babbaka ta da kara. Kafin kaza ta zauna nakan shafa mata toka mai laushi a ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, in kuma tara mata toka da yashi a inda take birgima. In abin ya yi yawa, akwai hodar ƙwarin kaji a shagon maganin dabbobi. Maganin ƙwarin gona da fiya-fiya kada su kusanci kaza ko ƙwai.

Sauran dalilan su ne ɓera ko maciji da ke zuwa da dare, da cinnaka, da fashewar ruɓaɓɓen ƙwai a gurbi, da yara masu tsokana.

Akwai hanyar gane ƙwan da zai yi da wanda zai zama baragurbi?

Akwai, kuma tocilar waya ta isa. A kwana na 7 zuwa na 10, da dare, ki wanke hannu ki goge, ki zaro ƙwai ɗaya, ki dunƙule hannunki a kan fitilar, ki ɗora gefen ƙwan mai faɗi a kai. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya, wani lokaci har ya motsa a gabanki. Wanda ba zakara haske zai ratsa shi fes. Wanda ya fara ya mutu za ki ga zoben jini siriri ya kewaye shi. Ki fitar da waɗannan biyun na ƙarshe, don baragurbi in ya fashe da zafin nan yakan ɓata na kirkin.

Sau ɗaya ya isa, in kin ƙara to a kwana na 14. Girgiza ƙwai a kunne don a ji ko yana motsi, kamar yadda ake yi, yana tsinka jijiyoyin nan ne.

Gaskiya ne tsawa tana kashe ƙwai, kuma in mutum ya taɓa shi kaza za ta ƙi shi?

Kajina sun sha ƙyanƙyashewa a tsakiyar Agusta ana kwana ana cida. Abin da ke ɓata ƙwai da damina shi ne ɗaki ya yi yoyo, ko ƙasa ta jiƙe, ko kaza ta firgita ta tashi cikin dare. Gawayi ko ƙusar da ake sawa a gurbi ba su cutar da komai, amma gyaran rufi ya fi su aiki. Taɓawa kuma ba ta sa kaza ƙin ƙwanta. Hannu mai maiƙo ko kananzir ne matsala, don ɓawon yana da ƙananan ƙofofi da ɗan ciki ke shaƙar iska ta cikinsu.

Zan iya sa mata ƙwan zabi?

Sosai ma, mu nan da haka muka saba. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina amma ba ta iya reno ba, takan ja 'ya'ya cikin raɓa ta kashe su. Kaza ta fi ta haƙuri. Sai dai ki san lissafi: ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida 35. In za ki haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya, ki fara sa na zabi, bayan sati guda ki ƙara na kaza, sai su fito tare. Haɗin yana da amfani, don 'yan zabin suna koyon ci da natsuwa daga 'yan tsakin. Kazar da za ta yi sati huɗu a zaune sai mai ƙiba. In sayen ƙwan za ki yi, a kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi ko wurin masu tallan nono, ki tambayi kwanansa, don wanda ya sha rana a ƙwarya ba ya yi.

Ɗan tsako ya huda ƙwai tun safe bai fito ba. In ɓare masa?

A'a, ki ɗaure hannunki. Tun kwana na 20 in kin kasa kunne za ki ji suna kuka a cikin ɓawo, uwar tana amsa musu ƙasa-ƙasa. Daga hudar farko zuwa fita yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma ba zaman banza yake yi ba. A lokacin ne yake janye sauran gwaiduwar cikin cikinsa, jijiyoyin da ke jikin fatar ƙwan suna bushewa. In kika ɓare da wuri sai jini, ko ya fito da cibiya a buɗe. Yawan ɗaga uwar ma yana fitar da laimar da ke ƙarƙashinta, fatar ta bushe ta ɗaure shi.

In ya wuce yini da kwana, kin ga fatar ta yi ruwan ƙasa ta ƙame, sai ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki dangwala, ki ɓalle ɓawon kaɗan-kaɗan. Da kin ga jini ki tsaya, ki mayar da shi. Ki zagaye tukunyar da toka a ranakun nan, don ƙarnin ƙyanƙyasa yana kiran cinnaka, sukan shiga ta hudar su kashe ɗan tsako tun bai fito ba. Ƙwan kazar da ya kai kwana 23 shiru, a binne shi.

Me zan fara ba su?

Ruwa. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu, don haka kada ki damu in ba su ci ba a ranar farko. Ki zuba ruwa a kasko marar zurfi ki cika shi da tsakuwa, su sha ta tsakanin duwatsun. Ɗan tsako yana nitsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba, in ma bai nitse ba ya jiƙe sanyi ya kama shi. Ko ki huda gwangwanin madara kusa da baki, ki cika shi, ki kifa a kan faranti. In akwai mai rauni, ki sa ɗan sukari a ruwan ki tsoma bakinsa.

Abinci kuwa, in da hali, abincin 'yan tsaki na buhu da ake aunawa a kwano ya fi, ko na sati huɗun farko ne. Uwar ma shi za ta ci. Na kaji masu ƙwai kada ki ba su, sinadarin ƙashin da ke ciki ya fi ƙarfin ƙodarsu. In a gida za ki haɗa, gwangwani uku na tsakin gero ko masara, gwangwani ɗaya na tunkuza busasshiya ko soyayyen waken suya da aka daka, da ɗan garin busasshen kifi, da garin zogale. Waken suya sai an soya, ɗanye yana hana su girma. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce gare su. Kwana ukun farko nakan dafa ƙwan da na fitar marar zakara tun kafin ya lalace, ko wani sabo, in murmushe musu.

Dusa zalla da tsaki zalla suna cika ciki amma ba su gina jiki. Abin da uwar ke nema musu in tana tono shi ne ƙwari, don haka ki kawo musu har gida. Ki cusa kandilo da guntayen kara a tsohuwar tukunya, ki yayyafa ruwa, ki kifa ta kusa da suri da yamma, da safe za ki tarar da gara. Ki kaɗe musu ƙananan farare, masu jan kai da manyan baki sukan cije su a maƙogwaro.

Kullum tana ƙyanƙyashe goma, amma biyu ko uku ke rayuwa. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don a nan dukiyar take zubewa. Ki zauna ki ƙirga waɗanda kika rasa bara da abin da ya ci kowanne. Shirwa ta ɗauki biyu. Ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya ya faɗa bokitin wanki. Akuya ta taka ɗaya. Muzuru ko gafiya sun ja biyu da dare. Ɗaya ya bi uwar cikin raɓa ya dawo yana rawar sanyi. Za ki ga yawancinsu ba cuta ce ta kashe su ba, yawo ne.

An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma na ga wake-waken Iya ta tashi sama ta bi shirwa har kan katanga. Amma kaza ɗaya ce, 'ya'ya goma. Tana kare na gabanta, hankaka ya ɗauke na baya. Ga shi kuma ta fito daga yunwar sati uku, tana sauri tana tono, ƙananan ba su iya bin ta.

Maganin shi ne a tsare su tare da uwar sati huɗu, in an samu shida ya fi. Babban kwandon kaji ya isa, ko keji na ragar waya mai ƙananan ido, mai rufi a sama. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a fito da su gindin bedi inda rabi rana rabi inuwa, kullum a matsar da shi sabon wuri don kada su yi ta cin kashinsu. Kafin magariba a mayar da su ɗaki mai ƙofa, a shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa. Siminti tsirara yana shanye musu ɗumi, leda da kwali mai santsi kuma suna raba musu ƙafa.

Na san abin da za a ce: kazar da aka tsare sai an ciyar da ita. Gaskiya ne. Amma 'yan tsaki goma ba su cin abin kirki a watan farko, kuɗin zakara ɗaya da Sallah ya biya abincinsu har da saura. Shekarar da na fara tsarewa, kazar da ta saba kawo mini uku ta raya tara.

Kuma ki riƙa sauraron su. Ɗan tsakon da ya ƙoshi ya ji ɗumi kukansa a hankali yake. Wanda ke tsala kuka ba tsayawa, ko sanyi, ko yunwa, ko ya ɓace wa uwa. In kin ga kashi ya manne ya toshe masa baya, ki jiƙa da ruwan ɗumi ki cire, ki shafa ɗan man gyaɗa, in an bar shi yakan kashe.

Wane lokaci ne ya fi kyau a sa kaza kwanci?

A wurina kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai sauka ba, hatsi ya zo gida, ƙwari sun wadata. Tsakiyar damina laima da kashin jini suke damu, Disamba da Janairu sanyin asuba da annoba, Afrilu da Mayu kuma zafi yana lalata ƙwai tun a gurbi. Kowane lokaci ana yi, kulawar ce ke ƙaruwa.

Kajin Hausa ma sai an yi musu rigakafi? Mu maɗaci da jan kafso muke sa musu a ruwa.

Sai an yi. Annobar da ke share akurki da hunturu, kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, ita ce likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma ba ta da magani in ta kama. Kafso ba ya taɓa irin ƙwayar da ke kawo ta. Maɗaci da barkono ni ma na gada, ban hana kowa ba, amma na ga gidajen da aka jiƙa su aka kuma kwashe gawar kaji da kwando.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta. Akwai Lasota, akwai kuma I-2 wadda ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido. A yi wa 'yan tsaki a satin farko ko na biyu, a maimaita wa duk kajin gida bayan kowane wata uku zuwa huɗu, kuma a tabbata an yi kafin sanyi ya shigo. Na Gumboro, wata cuta mai kama 'yan tsaki, wajen sati biyu ake yi a maimaita, na ƙurajen fuska da tukku kuma a sati shida zuwa takwas. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta sai a ƙarar cikin awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa mu a layinmu muke haɗa kuɗi gida biyar ko shida, a kira ma'aikacin dabbobi rana ɗaya da sassafe. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta sati biyu kafin ta kusanci 'yan tsaki. In kuma kaji suka fara zubewa da yawa a yini ɗaya, a sanar da ofishin dabbobi, a binne gawar da zurfi, kada a yanka a ci. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, ta Jihar Kaduna, kuma takan dawo.

Uwar ta mutu, ko na sayo 'yan kwana ɗaya. Wata kazar za ta karɓe su?

Mai kwancin da ta kai sati biyu a zaune takan karɓa, in ba su wuce kwana uku da fita ba. Cikin dare za ki zare ƙwan ki tura su ƙarƙashinta ɗaya-ɗaya ta baya, da asuba ki zo ki tsaya a kansu. In tana kiran su tana buɗe fiffike, an dace. In tana sara, ki kwashe su nan take. Kazar da ke da nata 'ya'yan da suka yi wayo ba ta karɓar baƙo.

In ba uwa, kwali da ƙaiƙayi, da kwalbar ruwan zafi da aka naɗe a tsumma, ko tukunyar garwashi da aka kange yadda ba za su taɓa ba, ɗakin kuma da hanyar iska. A satin farko suna son ɗumi kamar digiri 33 zuwa 35. In sun cure wuri ɗaya suna hawa juna sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Yaushe za ta yaye su, kuma yaya zan hana kwancin da ba na so?

In an bar ta, takan kai wata biyu ko fiye tana jan su, sannan wata rana ki ga ta fara sarar su ta koma bin zakara. In kina son ƙwai da wuri, ki raba su a sati biyar ko shida, lokacin gashi ya rufe su, ki ƙara mata abinci, cikin sati biyu zuwa uku za ta dawo ƙwai. Da hunturu ki ƙara musu sati guda tare. Kada ki jera mata kwanci biyu ba hutu, wato ki kwashe 'ya'yan ki sake zuba mata ƙwai, sati shida a zaune yana iya kashe ta.

Wadda ba ki son ta kwanta kuwa, ki kwashe ƙwan kullum, ki rufe gurbin. In ta nace, ki sa ta a keji mai ƙasan waya, ki ɗora shi a kan bulo yadda iska za ta riƙa bi ta ƙarƙashinta, a wuri mai haske, da abinci da ruwa. Kwana uku zuwa huɗu zafin ƙirjin zai sauka ta saki. Soka mata gashi a hanci, da ɗaure ta a rana ba ruwa, da tsoma ta a randa, duk azaba ce da ba ta da dalili. Ni in tawa ta nace haka, sai in aika gidan ƙanwata a tambayo ko suna da ƙwan da ke jiran uwa, a kawo in sa mata.